Tunau da Gaggafar Birnin Rataya

Da sunan Allah nake buɗe baki, wanda ya shimfiɗa ƙasashen da muka sani da waɗanda ba mu taɓa jin sunansu ba, ya zuba musu halittu, masu tafiya da masu tashi da masu jan ciki. Bayan haka, ya ku jama'a, ku gyara zama ku ji abin da ya same ni. Sunana Tunau ɗan Barmo, mutumin Kwargaba, wani gari can bayan tekun yashi, tafiyar wata bakwai daga nan.

A ƙuruciyata Allah ya ba ni ƙarfi, amma bai ba ni hankali daidai da shi ba. Ina da wani baka na ƙahon ɓauna da itacen kanya, wanda sai maza uku sun taru kafin su tanƙwara shi su ɗaura masa tsirkiya, ni kuwa ni kaɗai nake yi ina hira. Kibiyata takan huda ƙyauren ƙofa ta ɓullo ta baya. Saboda mamakin haka, babu wanda ya taɓa tambaya ta ko ƙyauren da na huda shi ne wanda na auna.

Ni da wana Korau rakiyar ayari muke yi, shi da takobi, ni da kwari da baka. Wata rana da hantsi, muna tsakiyar Hamadar Jan Gishiri, Mahaya Kuraye suka faɗo mana. Wasu gajerun mutane ne masu faɗin ƙirji, suna hawan kuraye masu girman ingarma, sun sa musu linzamin sarƙa. Kura takan cafki raƙumi a wuya ta girgiza sau ɗaya, sai ka ji ƙashi ya karye. Na haye kan kayan da aka jibge na yi ta harbi. Kibiya talatin ce a kwarina, huɗu kawai na ga sun sami nama, sauran suka bi ta saman kai ko suka nutse a gishiri. Korau yana gabana da kamar taku ashirin, ya riga ya sare mutum uku, sai wani mahayi ya zagayo ta damansa da gatari a ɗage. Na ɗana kibiya, na ja har baka ya yi kuka, na saki. Kibiya ta kauce hagu, ta shiga bayan Korau ƙarƙashin allon kafaɗa, ta ɓullo a ƙirji.

Na isa gare shi da rarrafe, na tarar jini yana fita ta bakinsa. Na ce, "Yaya, ni ne. Kibiyata ce."

Ya ce, "Na sani. Wa ke da irin wannan ƙarfi in ba kai ba? Na daɗe ina ganin kana harbi kamar mai jifa da dutse, na yi shiru don kada ranka ya ɓaci. Laifin namu ne mu biyu. In ka rayu, ka nemi wanda zai koya maka."

Nan ya cika. Ina rungume da shi suka buga mini ƙotar gatari a ƙeya, suka ɗaure ni.

Sansaninsu yana kan wata gaɓa mai tsawo, Kogin Baƙin Ruwa yana gudu a ƙarƙashinta. Kullum da safe sukan jefa wa kuraye mutum biyu daga cikinmu, mu kuma muna ɗaure muna jin yadda ake tauna abokan tafiyarmu. A rana ta uku aka zo kaina. Aka ja ni gaban sarkinsu, wani mai suna Kutungu, na tarar bakana yana hannunsa, an kwance masa tsirkiya, jarumawansa sun yi ta fama sun kasa mayar da ita.

Ya ce, "Kai ne mai wannan? Ɗaura mini shi kafin a ba da kai."

Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, bakan nan ba ya bin kowa sai wanda ya san warinsa. In kana so ya zama naka, ni zan tanƙwara shi, kai kuma ka sunkuya ka hura masa numfashinka a kai, sannan ka sa tsirkiya da hannunka."

Abin ya yi masa daɗi, ya sa aka kwance ni. Na kafa gindin baka a ƙasa, na sa gwiwa, na tanƙwaro kansa har ya zo daidai ƙuguna. Kutungu ya sunkuyo ya kawo fuska. Na saki hannu. Ƙahon ya shige ta ƙarƙashin haɓarsa, ya tsaga muƙamuƙi gida biyu, haƙora suka watse a ƙasa, bakan kansa ya karye. Kurarsa da ke ɗaure kusa ta ji warin jini, ta tsinke sarƙa ta hau kansa. Mutanensa suka ruga ceto, ni kuwa na ruga gaɓa. Wani ya jefo gatari ya ɗebe mini rabin kunne, na faɗa ruwa da sauran rabin.

Kwana uku ina maƙale da wani kututture, ruwa yana tafiya da ni, har ya shige da ni tsakanin wasu duwatsu biyu masu tsawon da ba a ganin ƙarshensu. Nan masunta suka tsamo ni da koma. Da na ɗaga kai sai na ga birni a sama. Gidajensu saƙaƙƙu ne kamar manyan kwanduna, an rataye su da sarƙoƙi a jikin dutsen hagu da na dama, gadojin igiya sun haɗa su, kowane rufi an kafa masa tsinannun itatuwa suna kallon sama. Sunan garin Rataya. Na tambayi dalilin tsinin, suka ce saboda gaggafa ne. A ƙwanƙolin dutsen akwai wasu gaggafa masu girman ɗaki, gashinsu ƙarfe ne kamar ruwan fartanya, naman mutum suke ci. Kibiya ba ta shigarsu sai ta ido, ko ta cikin baki lokacin da suka buɗe shi za su yi kuka. Saboda haka duk duniya babu masu harbi kamar mutanen Rataya, domin wanda bai iya ba ba ya tsufa.

Shugabar maharbansu wata 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai suna Gwamma, ana kiranta Uwar 'Yan Baka. Na je na durƙusa na ce, "Inna, na zo ki koya mini harbi."

Ta ce, "Miƙo hannunka na hagu." Ta dubi tabon da tsirkiya ta yi mini tun daga wuyan hannu har gwiwa. Ta zagaya ta latsa damtsena na dama, ta duba babban yatsana. Sannan ta ce, "Kana shaƙe baka kamar ka kama ɓarawo, kana ja da damtse, kana saki kafin ka tsaya, kuma hagu kibiyarka take zuwa. Wa ka kashe?"

Ban gaya wa kowa ba a garin. Na ce, "Wana."

Ta saki hannuna. Can ta ce, "Gobe ka zo fili."

Bakan da ta ba ni na harbin kurciya ne, da yatsa ɗaya nake iya jansa, kuma ta hana ni kibiya. A bakin filinsu akwai wani faifan dutse da yake zaune kan tsini, ƙarƙashinsa rami ne har kogi. In ka tsaya a kai nauyinka ya fi yawa a ƙafa ɗaya, sai ya karkata ya zubar da kai. Ta ɗaura mini igiya a ƙugu ta ce in hau in ja baka. Ranar farko sau goma sha tara na faɗa, igiya tana fizge ni, ina buguwa da jikin dutse, har haƙarƙarina biyu suka tsage. Sai da na yi kwana arba'in kafin ƙafafuna su koyi raba nauyi daidai, dutse ya daina motsi.

Daga nan ta fara sa mini ƙwan zabo a tafin hannun hagu, tsakanin fata da baka. In na damƙe, ƙwai ya fashe, ita kuma ta zuba mini sanda a yatsu. Tana cewa, "Ba riƙe shi za ka yi ba, tura shi za ka yi. Bar shi ya kwanta tsakanin babban yatsa da manuni." Ta ɗaura mini ƙaya a ƙarƙashin hammata ta dama, da zarar gwiwar hannuna ta sauka sai ta soke ni. Da ta ba ni kibiya kuwa, sai ta shafa mini baƙin tukunya a yatsan da nake jan tsirkiya da shi, ta ce in harba ɗari. Da na gama ta kai ni bakin randa na leƙa, na ga fuskata baƙi ƙirin daga haɓa har goshi.

Ta ce, "Harbi ɗari, wuri ɗari. Ta yaya kibiya za ta san inda kake nufi? Sai ranar da na ga ɗigo ɗaya a kuncinka zan kira ka maharbi."

Wanda ya saukar da ni a gidansa wani maharbi ne mai suna Nomau, mutum mai yawan dariya, yana da mata ɗaya, Tambai, da 'ya'ya mata huɗu. Shi yake gasa mini jiki da ruwan zafi yana yi mini ba'a. Yakan ce, "Aboki, ka yi haƙuri da tsohuwar nan. Ni sai da na fasa ƙwan da zai cika rumbu."

Ban yi haƙurin ba. A wata na huɗu, wata rana da azahar, aka buga gangar tashin hankali, gaggafa goma sha biyu suka sauko. Maharban Rataya bibbiyu suke tsayawa a kan gada, in ɗaya ya harba ɗaya yana ɗanawa. Gwamma ta ce aikina raba kibau ne, kada in taɓa baka. Ina gudu da dami sai na ga wata gaggafa ta fige kan abokin tsayuwar Nomau, gangar jikin ta faɗa kogi, bakansa ya rage a kan gada, babba mai nauyi irin wanda hannuna yake kewa. Na yar da dami na ɗauke shi. Nomau ya riga ya saki tasa kibiyar, ga wata gaggafa ta miƙo kanmu.

Ya ce, "Jira sai ta buɗe baki, Tunau. Jira."

Duk abin da na koya ya zube. Na damƙe baka, na ja da damtse, na saki tana nesa. Kibiya ta bugi ƙirjinta ta yi tsalle kamar ta bugi maƙera. Ta iso, ta sa farce a cikin Nomau ta farke shi daga cibiya har maƙogwaro, hanjinsa suka zubo a kan ƙafafuna. Da ɗaya ƙafar ta kama damtsena na dama ta yage naman har ƙashi ya fito fari. Tana shirin tashi da ni kibiyar Gwamma ta shigo daga gefe ta nutse a idonta.

Tambai, matar Nomau, ita ce mai ɗinkin rauni a garin. Ta wanke gawar mijinta da safe, da rana ta zo ta ɗinke mini hannu da jijiyar kifi. Ba ta dube ni ba har ta gama. Da za ta fita ta ce, "Ba don ina son ganinka na ɗinke shi ba. Garin nan ya rasa hannu biyu jiya, ba zai rasa na uku ba."

Wata uku kafin raunin ya warke, kuma da ya warke damtsen ya shanye, ya koma kamar na tsoho. Na ɗauki ɗan bakan kurciyar nan na ja, hannu ya ƙi. Na zauna a fili na yi kuka, ban damu da wanda ke kallo ba. Gwamma ta zo ta tsaya a kaina har na gaji, sannan ta ce in tashi in ɗana kibiya. Ta zagaya bayana ta ɗora tafinta tsakanin allunan kafaɗuna.

Ta ce, "Manta da hannun, ƙugiya ce kawai. Matse mini tafina da bayanka."

Na matse. Sai na ga tsirkiya ta taho da kanta har yatsana ya taɓa kunci. Ta ce, "Ci gaba da matsewa. Fitar da rabin numfashi. Kada ka buɗe yatsa, bar tsirkiya ta ƙwace. In ta tafi kada ka motsa, kada ka leƙa, sai ka ji ta sauka." Na ji ƙarar ƙwarya ta fashe a can ƙarshen fili, daidai wadda nake kallo. Tunda nake, ranar na fara sanin inda kibiyata za ta tun kafin ta bar hannuna.

Shekara biyu na yi a haka, harbi ɗari uku kullum. Daga ƙwarya a ajiye na koma ƙwarya mai lilo a igiya, daga nan lemun tsami da ake jefawa sama, ina tsaye a kan dutsen nan mai karkata, babu igiya a ƙuguna. Ana ƙara mini nauyin baka kaɗan-kaɗan, bayana yana ɗauka. Baƙin tukunya ya tattaru ya zama ɗigo ɗaya a gefen bakina. Gwamma ta gani, amma ba ta kira ni maharbi ba.

A shekara ta uku masu leƙen dutse suka kawo labari cewa uwar gaggafa ta yi ƙwai. Sau ɗaya take yi a shekara bakwai, kuma duk lokacin da ta ƙyanƙyashe, rabin garin ne abincin 'ya'yanta. Gwamma ta tara maharba ta ce wannan karon ba za a jira ba. Ta ce maƙogwaron uwar yana da kauri, sai baka mai nauyin gaske zai kai kibiya inda rai yake, kuma mutum ɗaya ne a garin zai iya jan irinsa ya tsaya daidai. Ta nuna ni. Wasu suka yi gunaguni suna ambaton Nomau. Tambai ce ta miƙe ta ce a bar ni in je.

Mu biyu muka hau, ni da baka da kibiya uku, ita da guduma. Kwana biyu muna hawa. A ƙwanƙolin dutse muka sami sheƙar, an gina ta da kututtura da ƙasusuwan mutane, ga ƙwai uku kowanne kamar rumbu. Uwar ta tafi farauta.

Gwamma ta ce, "Ba ta buɗe baki a banza, sai ta ji kukan ɗanta. Ni zan fasa ƙwai, kai ka ba ni baya ka fuskance ta. Komai ta yi mini, kada ka saki sai ka ga jan maƙogwaronta."

Na ce, "Inna, in ta kama ki fa?"

Ta ce, "In ta kama ni, ta kama ni. Gyara ƙafarka."

Ta fara dukan ƙwai. Rana tana tsaka sai inuwa ta rufe dutsen gaba ɗaya. Uwar ta taho da ɓauna a ƙafa, ta sake shi, ta kife fukafukai ta nufo mu, baki a rufe. Na ɗana, na ja har kunci. Yatsana yana roƙona in saki. Ban saki ba. Ta wuce ta kaina, gashin fiffike ya yanke mini goshi har ƙashi, na ji a bayana ƙafar Gwamma ta karye cikin farcenta. Na sassauta baka, na share jini daga ido da kafaɗa, ban waiwaya ba. Can sai na ji guduma ta ci gaba da sauka, a hankali, daga ƙasa. Tsohuwar tana kwance tana duka.

Ƙwai ya tsage. Ɗan da ke ciki ya yi wani kuka mai tsini. Uwar ta juyo a sama, ta taho, ta wage baki da ƙarar da ta sa jini ya fito mini ta kunne. Na ga jan maƙogwaro. Na tura baka, na matse baya, yatsa ya sami wurinsa, na fitar da rabin numfashi, tsirkiya ta ƙwace. Kibiya ta shige bakinta ta ɓace gaba ɗaya. Ina tsaye yadda nake, hannu a miƙe, har ta kifo ta wuce ta gefena ta faɗa kan ƙwayayen ta ragargaza su.

Kukanta ya riga ya kira sauran, na hango su suna tasowa daga duwatsu kamar hadari. Gwamma ba ta iya tsayuwa, ƙashi ya huda fata ya fito. Na duba, na ga rabin ɓawon ƙwai a kife, kaurinsa kamar ƙyaure, faɗinsa kamar kwalekwale. Na birkice shi, na sa ta a ciki, na tura shi bakin gangaren tsakuwa na faɗa kanta. Ya ɗauke mu da gudun da ban taɓa ji ba, tartsatsi yana tashi ta ƙasa, gaggafa suna kai sura suna samun iska. Ɗaya ta cim mana ta buɗe baki a kaina, na ba ta kibiya ta biyu ina durƙushe. Ɓawon bai tsaya ba sai cikin kogi, masunta suka jawo mu.

Tun daga ranar garken ya watse, ba su ƙara sauka Rataya a taro ba. Tambai ta yanke wa Gwamma ƙafa daga gwiwa, ta ƙone wurin da ƙarfe mai zafi, tsohuwar tana cije da fata ba ta yi ƙara ba. Gari ya ɗauki kiɗa, ana ta kiran sunana a kan gadoji. Na sulale na tafi ɗakin Gwamma, na durƙusa a bakin gado. Ta rame, idanunta sun faɗa.

Na ce, "Sannu, Inna. Kin ga harbin?"

Ta ce, "Na gani, ina kwance a bayanka. Kanka ya sunkuya ya je tarbar tsirkiya, maimakon ita ta zo ta same shi. Don tana da babban baki ne ka tsira. Gobe da hantsi ka sa a ɗauke ni a kai ni fili, mu gyara."

Washegari da hantsi ni na goya ta da kaina na kai ta. Ta zauna a kan turmi da sandarta a cinya, ta ce in fara daga ɗari.

Wannan shi ne abin da idona ya gani, jikina kuma ya ɗauki shaidarsa. Allah ya jiƙan waɗanda suka mutu a cikinsa, ya yafe mini rabona na laifi.